Gidan riƙon karnukan da aka tsinta: abin da na gani tun da na kai musu Duna

Idan ka tsinci kare a wulaƙance kana ta shawara da zuciyarka ko ka kai shi irin gidajen nan masu karɓar karnukan da ba su da mai su, su riƙe har a samu wanda zai ɗauka, to ni dai amsata eh ce game da wannan gidan da na yi hulɗa da su, sun cancanci a ba su amana. Amma akwai abubuwan da har yanzu suke ci min rai a wurin kuma zan faɗe su ba ɓoye-ɓoye. Ba zan kama sunan gidan ba, abin da nake so shi ne wanda zai kai kare ko zai je ɗauka ya san me zai duba da idonsa a duk gidan da ya shiga.

Karen da na kai musu baƙi ne, matsakaici, namiji, su ne ma suka sa masa suna Duna. Likita ta duba haƙoransa ta ce zai yi shekara biyu zuwa uku. Ya rame sosai, kana tsaye daga nesa za ka ƙirga haƙarƙarinsa, kunnuwansa cike da kaska, ƙazuwa ta cinye gashin bayansa, ga shatin igiya zagaye da wuya wanda ya nuna an daɗe ana ɗaure shi kafin a sake shi ko ya tsinke. Inda nake zaune ba a yarda a ajiye dabba ba, shi ya sa ban riƙe shi da kaina ba, amma na ce musu zan riƙa zuwa duba shi, kuma daga baya na shiga cikin masu aikin sa-kai na wurin, to kusan duk abin da zan faɗa gani ne ba ji ba.

Karɓar da suka yi masa ita ce ta fara kwantar min da hankali. Ba su fizge igiyar daga hannuna sun ja shi ciki ba. Matar da ke kula da sashen karɓa ta ce Malam zauna tukuna, bari ya gama sansana ɗakin, sannan ta ɗauko fom tana tambaya ina na same shi, ya ciji wani ko ya yi yunƙurin cizo, ya ci wani abu a hannuna, na ga kashinsa, yana tari ko amai. Sai suka kawo wata 'yar na'ura suka bi bayansa da ita daga wuya zuwa kafaɗu suna neman maikrocif, wato wata ƙanƙanuwar aba da ake turawa ƙarƙashin fata da allura, tana ɗauke da lamba mai alƙaluma 15 wadda in an bincika a rajista za a ga mai karen. Ba ta da batir kuma ba ta nuna inda kare yake kamar yadda wasu ke zato, sai an ɗora na'urar karantawa a jikinsa. Duna bai da ita. Duk da haka suka ce dole a riƙe shi wasu kwanaki ba tare da an ba kowa ba ko mai shi zai bayyana, tsawon kwanakin kuma dokar kowane wuri ce ke yankewa.

A ranar suka auna nauyinsa da zafin jikinsa, zafin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 da 'yan ɗigo, nasa daidai ne. Akwai ma'aunin ƙiba da rama da likitocin dabbobi ke amfani da shi daga 1 zuwa 9, wanda ake so shi ne 4 ko 5, Duna a 2 aka rubuta shi. Suka ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska da ƙuma, suka yi masa rigakafin distemfa da farbo, wato cututtuka biyu masu yaɗuwa tsakanin karnuka, nan take, aka ɗiga masa na tari a hanci, na haukan kare kuma likita ta tsara masa rana. Na tambaya me ya sa ake gaggawa haka kare bai ko huta ba, likitar ta ce a gida irin wannan ba a jira, ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin gidajen dabbobi ta Amurka ta fitar a 2010 ta kuma sabunta a 2022 sun ce a yi rigakafi tun a bakin ƙofa, saboda kwana ɗaya cikin karnuka da yawa ya isa ya kwashi cuta. Na haukan kare kuwa babu wasa a kansa ko kaɗan, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da shi duk shekara, kuma kusan dukkansu ta hanyar kare suka kamu. Gidan da zai ba ka kare ba katin wannan allurar, ka juya kawai.

Abin da ya ɗan dame ni da farko shi ne abincin, na ga sun zuba masa ɗan kaɗan a kwano alhali kare yana mutuwa da yunwa. Ashe da gangan ne. Dabbar da ta daɗe ba ta ci ba in ka cika mata ciki lokaci ɗaya sinadaran jininta suna iya rikicewa, musamman fosfet da fotasiyam, har zuciya ta samu matsala, to sai suka riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini suna ƙarawa a hankali. An rubuta komai a katin da ke maƙale a ƙofarsa, nawa aka zuba, nawa ya ci, yaya kashinsa, duk wanda ya zo aiki zai gani ya ci gaba daga nan.

Yanzu ga abin da ya sa nake yaba musu fiye da komai, yadda suka bi da shi a kwanakin farko a ɗakin killacewa. Duna ya shige lungu ya juya wa ƙofa baya, wutsiya a cuse tsakanin ƙafafu, in ka matso sai ya riƙa lasar leɓe yana hamma yana kallonka ta gefen ido har farin idon ya fito, kuma ba ya taɓa abinci muddin akwai mutum a wurin, sai da dare in kowa ya tafi. Ni zuciyata ta ƙagu in shiga in shafa shi ya san ba a yar da shi ba. Matar nan ta sashen karɓa ta ce a'a Malam, dan Allah kar ka shiga, hammar nan da kake gani ba barci ba ne tsoro ne, zauna a waje ka ba shi gefenka, kar ka kalle shi ido cikin ido, kar ka miƙa hannu, in kana so ka yi magana ƙasa-ƙasa ko ka karanta wani abu, in za ka tashi ka jefa masa ɗan abin ci kusa da shi ka tafi abinka. Ta ce binciken da aka yi a kan karnukan da ke shigowa irin gidajen nan ya nuna sinadarin damuwa da ake kira kotizol yana hawa sosai a kwana ukun farko kafin ya fara sauka, to a wannan lokacin duk abin da ka tilasta masa, ko da alheri kake nufi, ƙari ne a kan abin da yake fama da shi. Sun rataya bargo ya rufe rabin ƙofar don ya samu inda zai ɓuya, kuma ba su canza masa abin shimfiɗa kullum in dai bai ɓaci ba, saboda warin jikinsa da ke ciki shi ne abu ɗaya tak da ya sani a duk ginin. Wallahi wannan ƙaramar dabarar ta burge ni, mutum da zai ga tsafta kawai zai ce a wanke kullum, su kuma sun san kare da hanci yake gane duniya.

Akwai wani dattijo mai shara da wanke ɗakunan, kowa Baba yake ce masa, kuma a ganina shi ne ya fi kowa yi wa Duna aiki duk da ba shi da takardar komai. Kullum lokaci ɗaya yake zuwa, hanya ɗaya yake bi, kalma ɗaya yake faɗa kafin ya buɗe ƙofa, ba ya sauri ba ya ɗaga murya. Na taɓa ce masa Baba kai kam ba ka gajiya da wannan karen da ko kallonka ba ya yi, ya ce ɗana ai ba kallona nake so ya yi ba, so nake ya san abin da zai faru kafin ya faru, ranar da ya san bayan ƙarar bokiti abinci ne ke zuwa ba duka ba, ranar zai juyo da kansa. Haka kuwa aka yi, Baba ne mutum na farko da Duna ya ci abinci a gabansa. Karen da aka wulaƙanta ba tausayi mai yawa yake buƙata a farko ba, tsari yake buƙata wanda ba ya canzawa, kuma gidan nan sun riƙe wannan da gaske, lokacin abinci ɗaya, lokacin fita ɗaya, lokacin kashe fitila ɗaya.

Ginin ɗakunan ma sun yi tunani a kansa. Kowane keji kashi biyu ne da 'yar ƙofa a tsakiya da ake ja ta ɗaga, ɓangare ɗaya na kwana da ci, ɗaya na kashi da fitsari, don kare in yana da zaɓi ba ya son ɓata inda yake kwana, kuma wanda ya saba riƙewa a gida yana iya matse kansa yini guda in ba shi da inda zai yi. Wannan rabon yana taimakawa wajen wanki, a tura kare gefe ɗaya a rufe a wanke ɗayan da tiyo, ba a fesa ruwa kare yana ciki. Na tsaya na kalli yadda suke wankin, sai sun kwashe ƙazanta sun goge da sabulu sun ɗauraye tukuna su sa bilic da aka surka, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, su bar shi kamar minti goma kafin su sake ɗaurayewa su bushe ƙasan. Baba ya ce in ka zuba maganin a kan ƙazanta ka yi aikin banza. Farbo ɗin nan da ake tsoro, mai sa amai da gudawar jini yana kashe 'yan kwikwiyo cikin kwanaki, an fara gane shi ne a 1978, kuma ƙwayar cutar tana iya zama a ƙasa wata da watanni ba ta mutu ba, ba kowane maganin goge ƙasa ke kashe ta ba. Bangon da ke tsakanin keji da keji toshe yake, kare ba ya ganin maƙwabcinsa balle su riƙa yi wa juna gurnani, kuma kowa yana da ɗan gado da aka ɗaga daga siminti. Wari akwai, wurin karnuka ne, amma ba irin warin da ke shiga ido ya nuna an kwana ba a wanke ba.

To sai maganar hayaniya, nan ne suka gaza kuma ban ga dalilin rufa musu asiri ba. Babban zauren da ake jera karnukan da suka gama killacewa dogo ne, siminti da ƙarfe ko'ina, rufin ba abin da ke shanye sauti, da baƙo ya turo ƙofa sai na farko ya fara haushi na biyu ya karɓa kafin ka ce me duk layin ya ɗauka ginin yana amsa-kuwwa. An auna ƙara a irin zaurukan nan a wurare daban-daban an samu tana wuce desibel 100 a ma'aunin ƙarfin sauti, alhali mutum ma in ya daɗe cikin abin da ya kai 85 kunnensa yana lalacewa, ga shi kare ya fi mu ji nesa ba kusa ba, yana kama sautin da ya ninka iyakar namu a tsini. Kuma dabba ce mai buƙatar barci awa 12 zuwa 14 a yini, ka faɗa min ta yaya zai samu a wurin da ake tayar da shi duk bayan 'yan mintuna. Da aka fito da Duna daga killacewa sai aka sa shi a kejin da ke daf da ƙofar shiga, wai nan ne kawai babu kowa, kare mafi tsoro a gidan an ajiye shi inda duk mai shigowa zai fara tsayawa a kansa. Cikin ɗan lokaci duk ci gaban da aka samu ya fara zubewa, ya koma kai-komo daga bango zuwa bango, yana haki ko babu zafi, ya rage cin abinci, har ya fara lasar ƙafarsa ta gaba gashin wurin ya soma zubewa. Na yi magana, na sake yi, sai da na samu shugabar wurin da kanta kafin aka mayar da shi can ƙarshen layi inda ba a cika wucewa ba. An gyara, na gode, amma bai kamata sai wani daga waje ya lura ba tunda katin ƙofarsa ya nuna cin abincinsa ya ragu. Suna da awa ɗaya da rana da ake rufe zauren ba baƙo ba shara a rage haske, suna kuma kunna kiɗa mai taushi ƙasa-ƙasa, kuma gaskiya a wannan lokacin za ka ga karnuka sun zube suna barci, to me zai hana a ƙara lokacin, ko a daina shigo da baƙi cikin zauren gaba ɗaya a riƙa fito musu da kare ɗaya-ɗaya a fili.

Abu na biyu shi ne sadarwa. Duna ya kamu da tarin nan da karnuka ke ɗauka in an tara su wuri ɗaya, busasshen tari kamar wani abu ya maƙale masa a wuya. Wannan ban ɗora musu laifi ba, ta iska yake yaɗuwa, ƙwayoyin cuta iri-iri ne ke kawo shi, rigakafin yana rage tsananinsa ne ba ya toshe shi gaba ɗaya, kuma karen da ke cikin damuwa garkuwar jikinsa ta riga ta yi rauni. Sun ware shi, likita ta duba, ya warke lafiya. Abin da ya ɓata min rai shi ne ba wanda ya kira ni duk da lambata tana cikin fayil ɗinsa kuma sun ce za su sanar da ni in wani abu ya taso, na zo na tarar da keji babu kowa, gabana ya faɗi na ɗauka ya mutu, sai da na zagaya na samu mai faɗa min. Wayar ofishin ma sau da yawa tana ta ringin ba mai ɗauka. Na san ma'aikatan kaɗan ne kuma duk suna can baya da tsintsiya da kwanuka, ba zaune suke ba, amma saƙon tes na layi biyu ba zai ci musu lokaci ba.

Ban da waɗannan, yadda suke cika wa kare yini ya yi min. Ba a kwano kawai ake ba da abinci ba, wani suna cusa shi cikin wata robar wasan kare mai rami a ciki da ake kira Kong su daskarar a firij, kare ya kwanta yana lasa yana fama da ita tsawon lokaci, lasa da tauna suna kwantar musu da hankali. Wani lokacin a watsa abincin cikin ciyawa a fili ya bi da hanci yana tsinta. Fita yawo kuma sun koya mana ba tsere ba ne, in ya tsaya yana sansana gindin bishiya minti biyar ka bar shi, wannan shi ne yawon a wurinsa. Saboda shatin da ke wuyan Duna ba su taɓa sa masa abin wuya ba, ɗamarar ƙirji suka saba masa da ita, ita ma sai da aka ajiye ta kusa da kwanonsa na kwanaki yana ganinta kafin a gwada sa masa. Ban ga wanda ya daki kare ba, ban ga sanda ba, ban ji tsawa ba, karen da ya yi abin da ake so a ba shi lada, wanda ya yi akasi a janye a sake gwadawa daga nesa.

Abin da ya buɗe Duna sosai wata karya ce tsohuwa mai sanyin hali da suke amfani da ita wajen karnuka matsorata. Sun fara da tafiya da su gefe da gefe da tazara a tsakani, kowa da mai riƙe da shi, sannan ta bayan waya, sannan a fili igiya tana ja a ƙasa. Ita ba ta damu da shi ba, sansane-sansanenta take yi, shi kuma sai ya fara bin bayanta, inda ta sansana ya sansana, wanda ta je wurinsa shi ma ya matso. A nan na fara ganin ya kwantar da ƙirji ƙasa ya ɗaga ƙugu sama yana kaɗa wutsiya, alamar neman wasa kenan. Yanzu in ka leƙa da rana za ka same shi kwance a gefensa ƙafafu a miƙe, ba a dunƙule a lungu ba, nauyinsa ya ƙaru likita ta mayar da shi 4 a ma'aunin nan, gashin baya ya tsiro, kuma yana zuwa bakin ƙofa in ya ji muryar wanda ya sani. Baƙo dai har yanzu sai a hankali, musamman namiji mai tsayi ko wanda ya riƙe wani dogon abu a hannu.

Katin da suka rubuta masa na masu neman ɗauka gaskiya suka faɗa, kuma wannan ya ƙara musu daraja a idona. Sun rubuta yana tsoron baƙi, yana sandarewa a kan kwanonsa in an matso yana ci, bai dace da gidan da ke da ƙananan yara masu rarrafe ba, zai fi jin daɗi inda akwai wani kare mai natsuwa. Ba su ƙawata shi don ya fita da wuri ba. Kuma ba su yanke masa hukunci da gwaji na rana ɗaya ba, irin wanda ake tura hannun roba cikin kwanon kare a ga ko zai ciza. Shugabar ta ce bincike ya nuna da yawa daga karnukan da ke kare abinci a keji ba sa yi in sun je gida, wasu kuma da ba su yi a keji ba sai su yi a gida, to su abin da ma'aikata da masu sa-kai suka gani tsawon makonni suke tarawa. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Auna halin kare daga yadda yake a keji kamar ka auna halin mutum ne a darensa na farko a gadon asibiti, ciwo ga tsoro ga baƙin fuskoki. Mai haushi yana dukan ƙofa da ƙafa sau da yawa in ka fito da shi fili sai ka ga ashe ɗan lelen kare ne, mai shiru a lungu kuma ba lallai natsuwa ce ba, wani ya sare ne kawai.

Wajen bayarwa ba sa sakaci. Sai ka cike fom, a yi hira da kai kan inda kare zai kwana, awa nawa zai zauna shi kaɗai, wa zai kai shi asibiti, sai ka zo kun gana fiye da sau ɗaya, duk mutanen gidan su zo, in kana da kare ka kawo shi su haɗu. Ba kare da ke fita sai an fiɗiye shi ko an cire wa macen mahaifa, an sa maikrocif, an ba ka katin rigakafi da ɗan abincin da ya saba don ka canza masa a hankali cikin mako guda ko kwana goma kar cikinsa ya ɓaci. Kuma akwai sharaɗi a takardar cewa in abin bai yiwu ba a dawo musu da shi, kar a ba wani kar a saki. A gabana suka hana wani mutum Duna, ya ce yana son baƙin kare mai ban tsoro da zai ɗaure a bakin ƙofa dare da rana. Matar ta yi masa bayani cikin mutunci ta ce Alhaji wannan daga ɗauri ya fito, ga shatin nan a wuyansa, in ya koma zai lalace kuma wata rana zai ciji wani. Mutumin ya tafi ransa a ɓace, ni kuwa na ji daɗi har cikin raina. Wasu na ƙorafin tambayoyin sun yi yawa kamar ana tuhumarsu, na gane, amma karen da aka mayar sau biyu sau uku kowace dawowa tana ƙara karya shi.

Matsalar ita ce jira, kuma jiran yana da tsada a jikin kare komai kyan gida. 'Yan kwikwiyo ba sa daɗewa, babba mai tsoro kuwa sai a wuce shi. Wasu iyali sun zo musamman don Duna, ya shige bayan bargo ya ƙi fitowa, suka tafi da ɗan kwikwiyo, ban ga laifinsu ba. Abin da na ga laifinsa shi ne hoton da gidan ke nuna wa mutane, tun na ranar farko ne, an ɗauka ta bayan ƙarfe, kare a rame ido a firgice, wanda ya gani zai ji tausayi amma ba zai ce wannan nake so a gidana ba. Karen da ke wurin yanzu daban ne da na hoton.

Sun fara tsarin riƙo na ɗan lokaci, mai sa-kai ya tafi da kare gida kwana ɗaya ko biyu ya dawo da shi. Da farko na ji tsoron dawowar za ta fi yi masa ciwo, amma abin da aka gano a binciken da aka yi a gidaje da dama a Amurka shi ne kotizol yana sauka a kwanakin da kare ke waje, yana samun barci mai tsawo, in ya dawo kuma yana komawa yadda yake da ne ba ya wuce haka. Ga kuma amfanin da ya fi, ana sanin halinsa a cikin gida. Wata baiwar Allah cikin masu sa-kai ta tafi da Duna, ta dawo da labarin bai ɓata ɗaki ba ko sau ɗaya, yana tsoron ƙarar injin wanki, kuma ya kwana a bakin ƙofar ɗakinta har safe. An ƙara wannan a katinsa. Ga wanda zai ɗauke shi suna faɗar abin nan na uku-uku-uku, kwana uku na ruɗewa, mako uku na fara gane tsarin gida, wata uku kafin ya saki jiki, amma suna ƙarawa da cewa ƙiyasi ne kawai ba doka ba, irin su Duna suna iya wuce haka.

In za ka kai musu kare, ka tafi da duk abin da ya kwanta a kai ko tsumma ne, ka faɗi gaskiyar abin da ka gani ko da cizo ne, ka kuma nemi lambar mutum ɗaya takamaimai maimakon ta ofis. In ɗauka za ka je yi, kar ka tsaya a zaure ka zaɓa, ka ce a fito maka da shi fili, ka zauna a ƙasa ka ba shi gefenka ka jira, ka nemi ganin katin ƙofarsa tun daga ranar farko, ka tambayi mai shara ba shugaba kaɗai ba. Duna yana nan har yanzu, akwai wata mata mai kare ɗaya tsoho da ta zo sun gana kuma za ta dawo da karen nata a gwada su tare. Batun hoton na yi magana sun amince in ɗauki sabo a fili lokacin da yake wasa da tsohuwar karyar nan, batun zauren kuma shugabar ta ce suna neman yadda za su sa abin shanye sauti a rufin, zan ci gaba da tuna musu.